Dakta Yusufu Bala Usman: Malamin Samaru da ya ƙi yin shiru

An haifi Dakta Yusufu Bala Usman a shekarar 1945 a garin Musawa. Mahaifinsa Durɓin Katsina ne, kakansa kuma Sarkin Katsina Muhammadu Dikko.

Ya yi karatu a Kwalejin Gwamnati ta Kaduna da Jami'ar Lancaster ta Ingila, kafin ya kama aikin koyar da tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, a ƙaramar hukumar Sabon Gari. A nan ya sami digirin digirgir a 1974, a kan tarihin Katsina.

Duk da cewa jinin sarauta ne, marigayin ya shafe rayuwarsa yana neman a riƙa hukunta masu mulki kamar yadda ake hukunta talaka.

A 1976, shi da Dakta Segun Osoba sun ƙi amincewa da daftarin da sauran 'yan kwamitin tsara kundin mulki suka rubuta, suka gabatar da nasu, amma gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta yi watsi da shi. Kundin 1979 ya ba shugaban ƙasa da gwamnoni kariya daga gurfana a kotu muddin suna kan mulki, kuma na 1999 ma ya gaji wannan tanadi.

Ya riƙe muƙamin sakataren gwamnatin jihar Kaduna a zamanin Alhaji Balarabe Musa. Littafinsa na 1986 kan asusun lamuni na IMF ya ɗora alhakin durƙushewar tattalin arzikin Nijeriya a kan manyan cikin gida da abokan cin mushensu na ƙetare. A ganinsa, ɓarawon gwamnati ba ya sata shi kaɗai. Sai da mai ɓoye masa a waje.

Gwamnatin Janar Babangida ta kore shi daga jami'a a 1989, amma kotu ta mayar da shi.

Dakta Bala ya rasu a Zariya ranar 24 ga watan Satumban 2005, shekarar da Switzerland ta mayar wa Nijeriya ɗaruruwan miliyoyin dala na kuɗaɗen Janar Abacha. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yaƙi da cin hanci, wadda ta tanadi mayar da dukiyar sata ga ƙasashen da aka sace wa, ta soma aiki ne a watan Disamban shekarar.