Tarihin Pavel Sukhoi, injiniyan da ya ƙera jirgin yaƙi na T-4

Pavel Osipovich Sukhoi na ɗaya daga cikin manyan injiniyoyin da suka ƙera wa tsohuwar Tarayyar Soviet jiragen saman yaƙi, kuma har yau jiragen Rasha da dama na ɗauke da sunansa.

An haife shi ranar 22 ga watan Yulin 1895 a garin Glubokoye, wanda a yanzu ke cikin ƙasar Belarus. Mahaifinsa malamin makaranta ne.

Ya fara karatun injiniya a birnin Mosko, amma yaƙin duniya na ɗaya ya katse masa shi, bayan da aka ɗauke shi aikin soja.

Sai a 1925 ya kammala, daga nan kuma ya shiga aiki a ƙarƙashin malaminsa, Andrei Tupolev.

Hawa da sauka

A 1939 ne aka ba Sukhoi cibiyar zana jirage ta kansa, inda ya samar da jirgin Su-2, wanda aka yi amfani da shi a yaƙin duniya na biyu.

To amma a 1949, zamanin mulkin Stalin, hukumomi suka rufe cibiyar, lamarin da ya sa ya koma wajen Tupolev a matsayin mataimaki.

An sake buɗe ta a 1953, shekarar da Stalin ya mutu, kuma ba a jima ba ta fito da jiragen Su-7 da Su-9, masu gudun da ya zarce na sauti.

Jirgin T-4

A farkon shekarun 1960, lokacin da yaƙin cacar baka ya yi tsanani, mahukuntan Soviet suka buƙaci jirgin da zai iya kai hari kan manyan jiragen ruwan Amurka masu dakon jiragen yaƙi.

Sukhoi ya kara da Tupolev da kuma Yakovlev, kuma zanensa ne ya yi nasara. A daidai lokacin, ita ma Amurka tana aikin wani jirgi makamancinsa, wato XB-70, wanda ya fara tashi a 1964.

An tsara jirgin na T-4 ya riƙa gudun kimanin kilomita 3,000 a cikin sa'a guda, kusan ninki uku na gudun sauti. An yi masa laƙabi da Sotka, wato ɗari da harshen Rashanci.

Babbar matsalar ita ce zafi. A irin wannan gudu, gogayyar iska kan sa jikin jirgi ya yi zafin da alminiyam ba zai iya jurewa ba, don haka aka ƙera shi da ƙarfen titaniyam da kuma ƙarfen da ba ya tsatsa.

An kuma yi masa hanci mai sunkuyawa. Yayin tashi da sauka akan sauke hancin domin matuƙi ya ga gabansa, idan kuma jirgin ya lula sama sai a ɗaga shi ya rufe gilashin gaba, matuƙin ya dogara da na'urori.

Injina huɗu aka sanya masa, kuma ana sarrafa shi ne ta hanyar saƙonnin lantarki, abin da ke sabo a wancan zamani.

Ranar 22 ga watan Agustan 1972, matuƙi Vladimir Ilyushin ya tashi da jirgin a karon farko.

Sai dai sau goma kacal ya tashi, kuma bai taɓa kaiwa ko da rabin gudun da aka tsara masa ba.

A 1974 aka dakatar da gwajin. Jirgin na da tsada ƙwarai, sannan hukumomi sun fifita jirgin Tu-22M na Tupolev, wato tsohon malamin Sukhoi.

Ƙarshen rayuwarsa

Sukhoi ya rasu ranar 15 ga watan Satumban 1975 yana da shekaru 80, aka kuma binne shi a maƙabartar Novodevichy da ke Mosko.

Bai ga tashin jirgin Su-27 ba, wanda aka fara zanawa yana raye, ya kuma tashi a 1977. Wani jirgin cibiyar tasa, Su-25, ya shiga hannun sojojin saman ƙasashe da dama, ciki har da Nijar da Chadi da Sudan.

Shi kuwa T-4 ɗaya tilo da ya taɓa tashi, an ajiye shi a gidan tarihin mayaƙan sama da ke Monino, kusa da Mosko.