Henry Royce, Maƙerin Injin Mota

An haifi Frederick Henry Royce ranar 27 ga Maris, 1863, a ƙauyen Alwalton kusa da birnin Peterborough a ƙasar Ingila. Mahaifinsa mai injin niƙa ne, amma sana'ar ta karye, suka ƙaura zuwa Landan, inda uban ya rasu a 1872. Tun yana yaro Royce ya shiga tallar jarida da kai saƙonnin waya domin a samu na tuwo. Karatun da ya yi a makaranta bai taka kara ya karya ba. A 1878 wata 'yar'uwar iyayensa ta biya masa kuɗin koyon aiki a masana'antar jirgin ƙasa, amma bayan shekara uku kuɗin suka ƙare, tilas ya bari.

A 1884 shi da abokinsa Ernest Claremont suka buɗe ɗan kamfani a Manchester, suna ƙera kayan lantarki. Yana dab da shekara arba'in ya sayi wata mota ta hannu ƙirar Faransa, mai suna Decauville. Motocin wancan zamani ƙararsu ta yi yawa, ga jijjiga, ga yawan mutuwa a hanya. Royce ya yi ta gyaran motar har ya ga gara ya ƙera tasa. Ya gama ta a 1904, mai silinda biyu. A watan Mayu na shekarar aka haɗa shi da Charles Rolls, ɗan masu hali mai sayar da motoci, kuma a 1906 aka kafa kamfanin Rolls-Royce.

Royce bai cika ƙirƙiro sabon abu ba. Gwanintarsa ita ce ya ɗauki abin da wasu suka yi, ya bi shi filla-filla har ya gano inda aibu yake. Injinsa na farko mai silinda shida ya ba shi wahala, domin doguwar sandar ƙarfen da fistan suke juyawa takan yi makyarkyata har ta karye. Saboda haka a injin motar da ya fito da ita a 1906, wadda daga baya ta shahara da sunan Silver Ghost, ya gajarta sandar, ya ƙara mata kauri, ya ɗora ta kan matallafai bakwai. Ya sa famfo yana tura baƙin mai zuwa waɗannan matallafai da ƙarfi. Kowace silinda ya ba ta fulogi biyu, ɗaya na samun wuta daga batir, ɗayan daga na'urar maganaɗisu, don idan ɗaya ya ƙi ɗayan ya ci gaba. Ga alama wannan taka-tsantsan daga aikin lantarki ya koyo shi.

A 1907 aka gwada motar a tafiyar mil 15,000, ta yi fiye da mil 14,000 a jere ba tare da ta tsaya don lalacewa ba. Wannan ne ya sa attajirai da sarakuna suka yarda da ita.

Royce mutum ne mai wuyar sha'ani wajen aiki, har cin abinci yakan manta. Rolls ya rasu a hatsarin jirgin sama a 1910, shi kuma Royce ciwo mai tsanani ya kwantar da shi, aka yi masa tiyata. Daga nan bai ƙara zama a masana'antar da ke Derby ba. Daga gidansa a kudancin Ingila, da wani a kudancin Faransa, yake aika zane-zane, ciki har da na injinan jiragen sama. An ba shi sarautar gado a 1930. Ya rasu ranar 22 ga Afrilu, 1933, a West Wittering, yana da shekara 70.