Marigayi Dokta Barau Dikko: Likitan Farko Daga Arewa

Duk shekara in aka tambayi 'yan aji ɗaya abin da suke so su zama, da yawa cikinmu mukan ce likita. Amma kafin a kai aji shida, sai mu ga Kemistiri da Fizis sun sa wasu sun ja da baya. Shi ya sa a bana muka ga ya dace mu kawo tarihin wanda ya fara bin wannan hanya daga Arewacin Nijeriya, wato Dokta Russell Barau Dikko.

An haife shi a ƙasar Zazzau a shekarar 1912. Ya fara karatu a makarantar Mishan ta C.M.S., ƙarƙashin kulawar Dokta Walter Miller, Baturen nan da ya zauna a Zariya tun 1905, wanda kuma ya yi aikin fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa. Wannan Mishan ce daga baya ta koma Wusasa. Makarantar ƙarama ce, amma a nan yaron ya kafa tushensa na karatu da rubutu da lissafi da Turanci.

Daga nan ya wuce King's College da ke Legas, wadda aka buɗe a 1909. Tsakanin Zariya da Legas akwai kusan kilomita 1,000 a jirgin ƙasa. Mu tuna fa, yaro ne ya bar iyaye da 'yan'uwa, ya je garin da ba a jin harshensa, ya zauna aji ɗaya da 'ya'yan mutanen da suka daɗe da sanin boko. Bai tsaya nan ba. A zamanin babu jami'a ko ɗaya a Nijeriya, gama ta Ibadan ma sai a 1948 aka buɗe ta. Saboda haka ya ƙetare teku zuwa Jami'ar Birmingham a Ingila, ya jure sanyi da kewar gida har ya gama karatun likita.

Da ya sami takardarsa, sai ya komo gida. A 1940 ya kama aikin gwamnati a matsayin ƙaramin likita, ya yi ta hawa mataki mataki har ya zama ɗaya daga cikin manyan jami'an Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Arewa. Yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, shi ne kuma shugabanta na farko a 1949. A 1967 Janar Yakubu Gowon ya naɗa shi Kwamishinan Ma'adinai da Wutar Lantarki na Tarayya, a 1971 kuma aka mai da shi Ma'aikatar Sufuri. Ya rasu a 1977. Asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Kaduna sunansa yake ɗauke da shi.

To, me za mu koya? In mun lissafta, daga haihuwarsa zuwa ranar da ya fara aiki shekara 28 ce, yawancinsu kuwa a kan benci ya yi su. Kowane mataki sai da ya gama shi da kyau kafin ƙofar na gaba ta buɗu. Wanda ya yi wasa da lissafin aji biyu, shi ne Fizis yake kayarwa a aji biyar. Wanda yake barci lokacin karatun dare, ya ce sai jarrabawa ta matso, yaya zai yi da shekara 6 na makarantar likita? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, mu hanyarmu ta fi tasa sauƙi. Tun 1967 ake koyar da likitanci a Jami'ar Ahmadu Bello, nan Zariya inda ya tashi. Ba sai mun hau jirgin ruwa ba. Abin da ya rage mana shi ne mu tsara lokacinmu, mu maimaita darasin yau a yau, mu tambayi malam abin da ya shige mana duhu ba tare da jin kunya ba. Marasa lafiya a ƙauyukanmu suna jira, wata rana kuma ran mutum zai rataya a kan abin da muka karanta ko muka tsallake. Allah ya ba mu himma da jimiri, amin.