Muhammadu Bello Mai Wurno

Muhammadu Bello, wanda ake kira Mai Wurno, ɗan gidan sarautar Sakkwato ne. Mahaifinsa shi ne Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. Attahiru ɗan Sarkin Musulmi Ahmadu ne, Ahmadu ɗan Abubakar Atiku, Atiku kuwa ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya fara jihadi a shekara ta 1804.

Attahiru ya hau gadon sarauta a 1902. A watan Maris na 1903, sojojin Ingila suka ci Sakkwato. Sarki ya ƙi zama a ƙarƙashin Nasara. Sai ya yi hijira, ya nufi gabas, wajen Makka. Manoma da malamai da sarakuna suka bar gidajensu, suka bi shi. Nasara suka bi sawunsu har Burmi, kusa da kogin Gongola. A can aka gwabza yaƙi ran 27 ga Yuli 1903. Aka kashe Attahiru tare da mutane da yawa.

Mai Wurno ya tsira. Bai gaji fada ba, bai gaji ƙasa ba. Abin da ya gada shi ne jama'a a kan hanya. Ya tattara su, suka ci gaba da tafiya, a ƙasa da bisa dabbobi. Suka ratsa ƙasar Cadi, suka shiga Sudan.

Wajen 1906 suka sauka a garin Shehu Talha, a bakin reshen kogin Nilu da ake kira Shuɗin Nilu. Daga baya suka kafa nasu gari kudu da Sennar. Aka raɗa wa garin sunan shugabansu, Mai Wurno.

A lokacin, Ingila ce ke riƙe da Sudan tare da Masar. Hukuma ta amince da shi a matsayin sarkin jama'arsa. Alhazai daga ƙasar Hausa suka riƙa yada zango a garinsa, wasu suka zauna. Da aka gama madatsar ruwa ta Sennar a 1925, Hausawa da Fulani da yawa suka shiga noman auduga a Jazira, suka kafa ƙauyuka.

Bayan rasuwarsa, ɗansa ya gaje shi, sarautar garin ta ci gaba cikin zuriyarsa.

Tambayoyi
1. Wane ne kakan Mai Wurno?
2. Me ya sa Attahiru ya bar Sakkwato?
3. A bakin wane kogi aka kafa garin Mai Wurno?