Abdullahi Smith: Baturen da ya sauya yadda ake karanta tarihin ƙasar Hausa

Duk wanda ya yi karatun tarihi a wata jami'a a arewacin Najeriya ya ci karo da sunan Farfesa Abdullahi Smith, ko a littafi ko a bakin malaminsa. Ya rasu tun 1984, amma har yau ana muhawara kan abubuwan da ya rubuta, musamman kan asalin sarautun Hausa da kuma jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo.

An haife shi a Ingila a 1920, sunansa na yanka Henry Frederick Charles Smith. Ya karanta tarihi a Jami'ar Cambridge, sannan ya yi aikin koyarwa a Sudan, inda ya saba da Larabci da zama cikin Musulmi. A 1955 ya iso Kwalejin Jami'a ta Ibadan a matsayin malamin tarihi.

Abin da ya tarar a Ibadan

A wancan lokacin kwalejin Ibadan reshe ce ta Jami'ar Landan, kuma yawancin abin da ake koyarwa a sashen tarihi labarin Turai ne da na Turawa a Afirka. Ɗalibi kan fita ya san sarakunan Ingila ɗaya bayan ɗaya, bai san komai kan Borno ko Oyo ba. Wannan tunani bai mutu da wuri ba: har a 1963 wani babban farfesan Oxford, Hugh Trevor-Roper, ya fito fili yana cewa Afirka ba ta da wani tarihin da ya cancanci a koyar, ban da abin da Turawa suka yi a cikinta.

Kenneth Dike, masanin tarihi ɗan Awka wanda daga baya ya shugabanci jami'ar, shi ne ke jan ragamar masu son rusa wannan tunani. Smith ya shiga sahunsu, kuma yana cikin waɗanda suka tsayar da Ƙungiyar Masana Tarihi ta Najeriya da mujallarta.

Sai dai hankalinsa ya fi karkata arewa. Masu cewa Afirka ba ta da tarihi hujjarsu ita ce babu rubutu. To ga shi a Sakkwato da Gwandu da Kano da Borno akwai dubban takardu da littattafai da Larabci da ajami, a ɗaure cikin gafaka a zaurukan malamai, waɗanda jami'a ba ta ma san da yawancinsu ba.

Maƙalar 1961

A 1961 ya buga wata maƙala da ta zama tushen aikinsa. A ciki ya nuna cewa an yi watsi da wani babban babi na tarihin Afirka ta Yamma, wato juyin juya halin Musulunci na ƙarni na 19. Ya haɗa abubuwa uku wuri guda: jihadin Shehu Usmanu da ya soma a 1804, na Seku Ahmadu a Masina, da na Alhaji Umaru Tal na Futa, wanda ya zauna shekaru a Sakkwato har ya auri 'yar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Kafin nan, rubuce-rubucen jami'an mulkin mallaka sun fi ɗaukar jihadin a matsayin rikicin ƙabila, Fulani sun ƙwace mulki daga Haɓe, shi ya sa suke kiran abin da aka kafa Daular Fulani. Smith ya ce ba za a fahimci lamarin ba sai an karanta abin da jagororinsa suka rubuta da hannunsu. Mutanen nan malamai ne. Shehu da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Bello sun bar littattafai masu yawa kan tauhidi da fiƙihu da shugabanci da tarihi, kuma sun yi jayayya a rubuce, a tsakaninsu da kuma da abokan hamayyarsu. Wasiƙun da aka yi musaya tsakanin Bello da Shehu Muhammadu El-Kanemi na Borno, kan ko ya halatta a yaƙi Borno alhali mutanenta Musulmi ne, suna nan cikin Infaƙul Maisuri.

Yau wannan magana kamar ba komai ba ce, domin ko ɗan sakandare ya san ta. A 1961 sabuwar magana ce a zauren jami'a.

Daga nan ya tura ɗalibinsa Murray Last zuwa Sakkwato, inda ya zauna yana karatu a wajen Wazirin Sakkwato Junaidu, yana duba takardun gidan waziri. Last ya kammala digirinsa na uku a Ibadan a 1964, littafinsa ya fito a 1967. Daga wannan littafi ne sunan Halifancin Sakkwato ya bazu a rubuce-rubucen boko, ya ture tsohon sunan da Turawa suka laƙaba. Sauya suna ba ƙaramin abu ba ne a nan, don sunan farko yana cewa wata ƙabila ce ta ci wata, na biyun kuma yana nuni ga tsarin mulki da masu shi suka ce sun kafa bisa shari'a.

Zariya da Kaduna

Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, Smith ya koma Zariya ya kafa sashen tarihi, shi ne farfesansa na farko. Ya jagoranci Shirin Binciken Tarihin Arewa, wanda ya tura ma'aikata gari-gari suna neman rubuce-rubucen hannu, suna ɗaukar hotonsu, suna mayar wa masu su. Aiki ne mai cin rai da buƙatar haƙuri, domin malami ba ya sakin littafin da ya gada daga kakansa ga baƙo sai ya amince da shi.

A 1967 ya karɓi Musulunci ya ɗauki sunan Abdullahi, ya kuma zama ɗan ƙasar Najeriya. Shi ya sa mai bincike zai ga tsofaffin maƙalunsa da sunan H.F.C. Smith, na baya kuma da Abdullahi Smith. Mutum ɗaya ne.

A 1970 aka mayar da gidan marigayi Sardauna Ahmadu Bello da ke Kaduna, inda aka kashe shi ranar 15 ga Janairun 1966, ya zama cibiyar bincike da adana tarihi, wato Arewa House. Smith ne daraktanta na farko.

Rigimar Bayajidda

A shekarar 1970 ɗin ce ya fitar da maƙalar da ta fi tayar da ƙura, kan yadda sarautu suka kafu a ƙasar Hausa.

Kowa ya san labarin: Bayajidda ya taso daga Bagadaza, ya bi ta Borno, ya kashe macijiya a rijiyar Kusugu, ya auri Sarauniya Daurama, jikokinsa suka kafa Hausa Bakwai. Jami'an mulkin mallaka irin su H.R. Palmer sun rungumi irin waɗannan labarai hannu bibbiyu, saboda sun dace da abin da suka riga suka ƙudurta, cewa baƙar fata ba ya kafa ƙasa da kansa sai wani farin baƙo ya zo daga gabas ko arewa ya koya masa.

Smith bai yarda labarin Bayajidda ya isa ya bayyana asalin Hausawa ko na sarautunsu ba. Labarin da kansa ya nuna baƙon ya tarar da gari da sarauniya da rijiya. Tarihin Kano da aka rubuta da Larabci ma ya nuna Bagauda ya iske mutane zaune a kewayen Dala, da shugabansu da abin bautarsu, Tsumburbura. Ke nan akwai tsari tun kafin baƙi su zo.

Maimakon neman wanda ya zo daga waje, sai ya bi yadda zama ke girma daga ciki. Ana somawa da ƙauye na dangi, ƙarƙashin maigida. Inda ƙasa ke da albarka, ga ruwa, ga tama ta ƙira, ga dutse da ake girmamawa saboda iskoki kamar Dala a Kano ko Kufena a Zazzau, sai baƙi su yi ta taruwa, ƙauye ya zama gari. Mutanen gari ba dangin juna ba ne, don haka ikon maigida ba ya wadatarwa, sai an sami shugaban da ikonsa ya hau kan wuri, kowa ma ke zaune a cikinsa. Garin da ya fi ƙarfi ya gina ganuwa mai faɗin da za ta ɗauki gonaki da 'yan gudun hijira lokacin yaƙi, ya zama birni, ƙauyuka da garuruwan kewaye su zama ƙasarsa. A nan sarki da masu sarauta ke fitowa.

Abin sha'awa a wannan bayani shi ne an gina shi da kalmomin Hausa: gida, ƙauye, gari, birni, ƙasa, sarauta. Bai aro ma'aunin Turai ya ɗora wa Kano ba.

Ba kowa ya gamsu ba. John Sutton, wanda shi ma ya koyar a Zariya, ya ƙalubalanci wasu sassan bayanin a 1979, musamman kan inda Hausawa suka bazu daga gare shi. Bajamushe Dierk Lange kuma ya daɗe yana kare cewa labarin Daura na ɗauke da tarihi na gaske mai alaƙa da gabas. A Daura kuwa labarin na nan daram, da rijiyarsa da bukukuwansa, kuma babu maƙalar da za ta kawar da shi. Abin da Smith ya cimma shi ne ya sa dole a riƙa tambayar kowane labarin asali: wa ya faɗe shi, yaushe, kuma wa yake amfana? Irin wannan tambayar ya sake yi wa labarin da ke danganta sarakunan Sefawa na Borno da Saifu ɗan Zi Yazan na Yaman.

Ɗalibai sun fi littattafai

Smith bai bar wani katafaren littafi guda da za a ce shi ne gadonsa ba. Maƙalu ne, da babi kan tsofaffin daulolin Sudan ta Tsakiya a littafin tarihin Afirka ta Yamma da J.F. Ade Ajayi da Michael Crowder suka tace a 1971. Sai bayan rasuwarsa aka tattara wasu daga ciki aka buga a Zariya a 1987 da sunan A Little New Light. A tsarin jami'o'inmu na yau, inda ake ƙirga yawan abin da mutum ya buga kafin a ƙara masa girma, mai yiwuwa a ce bai yi yawa ba.

Ƙarfinsa ya tafi wajen renon masu bincike. Fitacce a cikinsu shi ne Yusufu Bala Usman, wanda bincikensa kan Katsina ya zama littafi a 1981, ya kuma tace takardun taron ƙara wa juna sani da aka yi kan Halifancin Sakkwato a 1975. Bala Usman ya ɗauki tambayoyin malaminsa ya zarce da su. Ya ƙi yarda a karanta tarihi da ma'aunin ƙabila, ya kuma tsananta bincike kan kowace madogara, ta Heinrich Barth ce ko ta marubutan gida. Daga wannan sashe ne abin da ake kira mazhabar tarihi ta Zariya ta fito, mai zafi da yawan jayayya, wadda ta bambanta da ta Ibadan.

Akwai abin da za a iya kama hanyar Smith da shi. Wanda ya dogara ga rubutun malaman jihadi yana jin muryar waɗanda suka yi nasara ne. Gobirawa da suka koma Tsibiri da Sabon Birni, da Katsinawan Maraɗi, da Zazzagawan Abuja, da bayin da aka tara a rinji, ba su bar littattafai da yawa irin na Sakkwato ba. Masu binciken da suka biyo baya ne suka shiga cike wannan giɓi, da hira da tsofaffi da waƙoƙin baka da tonon ƙasa, kuma har yanzu da saura.

Bayan rasuwarsa a 1984, ɗalibansa da abokan aikinsa suka kafa cibiyar binciken tarihi da sunansa a Zariya. Takardun da aka tara ƙarƙashin shirin da ya jagoranta suna nan a Jami'ar Ahmadu Bello da Arewa House, da yawansu ba a tace su an buga ba, ballantana a fassara su zuwa Hausa.