BARNABA, MUTUMIN DA YA TSAYA WA 'YAN'UWANSA

Ɗan'uwa mai karatu, ka san manzo Bulus, ka kuma san Bisharar Markus. Amma ko ka san mutumin da ya riƙe hannun su biyun a lokacin da aka juya musu baya? Sunansa Barnaba. Labarinsa yana cikin littafin Ayyukan Manzanni.

Sunansa na yanka Yusufu ne, Balawe, haifaffen tsibirin Kubrus. Manzanni ne suka laƙaba masa Barnaba, gama sun ga shi mai ƙarfafa zuciyar mutane ne. Abin da muka fara ji a kansa shi ne ya sayar da gonarsa, ya kawo wa manzanni kuɗin domin a taimaki matalautan ikkilisiyar Urushalima. Kai manomi ne, ka san nauyin rabuwa da gona.

A kwanakin nan akwai wani mai suna Shawulu, wanda yake shiga gida gida yana kama masu bi. Ubangiji Yesu ya sadu da shi a hanyar Dimashƙu, ya tuba. Bayan shekara 3 ya zo Urushalima yana so ya shiga cikin 'yan'uwa, amma kowa yana jin tsoronsa. Wa zai buɗe wa kura garke? Sai Barnaba ya kama hannunsa, ya kai shi gaban manzanni, ya ba da shaidar tubarsa da wa'azin da ya yi a Dimashƙu. Da a ce Shawulu ɗan leƙen asiri ne, da Barnaba ya jawo wa ikkilisiya masifa. Duk da haka ya tsaya masa. Ba a daɗe ba maƙiya suka nemi ran Shawulu, 'yan'uwa suka aike shi garinsu, Tarsus.

Daga baya Al'ummai da yawa suka ba da gaskiya a Antakiya ta Suriya, aka aiki Barnaba ya duba su. Da ya ga aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai ya tuna da Shawulu. Zumunta a ƙafa take. Ya tashi ya tafi Tarsus, tafiya kusan kamar daga Maradi zuwa Damagaram, ya neme shi har ya same shi. Shekara guda cur suna koyarwa tare a Antakiya, inda aka fara kiran masu bi Kirista. Da yunwa ta faɗo a zamanin Kaisar Kalaudiyas, wanda ya yi mulki daga shekara ta 41 zuwa ta 54, su biyu ne suka kai gudunmawa ƙasar Yahudiya.

Ikkilisiyar Antakiya ta keɓe su domin kai bishara. Suka bi ta Kubrus, suka haye zuwa Bariyata, har Ikoniya da Listira da Darba. A farkon tafiya sunan Barnaba ne a gaba. Kafin su komo, Shawulu, wanda ake kira Bulus, shi ne babban mai magana. Barnaba bai yi kishi ba. Manomin kirki ba ya fushi don hatsin da ya shuka ya fi shi tsawo.

Wani saurayi danginsa, Yahaya mai suna Markus, ya bi su yana yi musu hidima, amma a Bariyata ya bar su ya koma gida. Bayan taron Urushalima, wajen shekara ta 49, suka shirya tafiya ta biyu. Barnaba ya so a sāke ɗaukar Markus, Bulus ya ƙi. Gardama ta yi zafi har suka rabu. Bulus ya ɗauki Sila, Barnaba kuwa ya tafi Kubrus da Markus. Me ya biyo baya? A ƙarshen ransa, yana kurkuku, Bulus da kansa ya roƙi Timoti ya zo masa da Markus, domin yana da amfani a gare shi. Dattawan ikkilisiya na dā kuma sun shaida cewa Markus ɗin nan ne ya rubuta Bishara ta biyu.

Barnaba ma ɗan adam ne. Wata rana a Antakiya ya bi Bitrus, suka janye daga cin abinci da masu bi na Al'ummai, Bulus kuwa ya tsauta wa Bitrus a fili. Ɗan'uwa na gaskiya yakan ɗaga ka, yakan kuma faɗa maka gaskiya.

To, ɗan'uwa, duba ƙauyenku. Akwai sabon mai bi wanda danginsa suka kora, har yanzu kuwa kuna yi masa kallon baƙo? Akwai saurayin da ya tafi ci rani, ya dawo da kunya, ya daina zuwa sujada? Kada ka jira fasto. Tafi gidansa da ƙafarka. Kira shi gayyar gonarka, ku ci tuwo a ƙwarya ɗaya, ku karanta Maganar Allah tare. In an tashi maganarsa a taron dattawa, ka tsaya masa. In kuwa wata rana ya fi ka, ka yi murna.

Haka Yesu Almasihu ya yi mana: ya neme mu tun muna ɓatattu, ya tsaya mana da jininsa. Wa za ka nema a wannan mako? Ubangiji ya taimake ka. Amin.