Likita Mila

An haifi Walter Miller, wanda Hausawa suke kira Likita Mila, a Ingila cikin 1872. Ya koyi aikin likita a London, amma zuciyarsa tana ga wa'azin Bishara. Saboda haka ya tafi Tarabulus, ya koyi Hausa a bakin Hausawan da ke can.

Cikin 1900 ya iso Kano tare da Bishop Tugwell. Sarki Alu bai yarda su zauna ba, sai suka koma Girku, inda ciwo ya kashe ɗayansu. Wannan bai karya masa zuciya ba. Cikin 1905 ya zauna a birnin Zariya, yana ba da magani, yana koyar da yara. Daga baya aka mai da makarantar Wusasa.

Waɗanda suka karɓi addininsa a birnin kaɗan ne. Amma ya duƙufa kan fassara, shi da abokan aikinsa, har aka buga Littafi Mai Tsarki da Hausa cikin 1932. Aka riƙa karanta shi a majami'u, tun daga Zazzau har Yawuri, bakin kogin Kwara.

Ya rasu cikin 1952. Lalle mai haƙuri shi kan dafa dutse.